Gardamar Nauyi da Gudu: Tarihin Zaɓen Harsashin Magnum a Farautar Manyan Namun Daji

Gabatarwa

A shekarar 1912 wani kamfanin maƙeran bindigogi na birnin Landan mai suna Holland & Holland ya fitar da wani harsashi da duniya ta sani a yau da .375 H&H Magnum. Fiye da shekara ɗari ke nan, dauloli sun rushe, ƙasashe sun sake suna, amma har gobe idan maharbi ya nufi dajin Tanzaniya ko na Zimbabuwe neman ɓauna, wannan harsashi ne kan fara zuwa bakin masu ba shi shawara. Abin da nake son bi a wannan maƙala shi ne dalilin wannan daɗewa, da kuma doguwar gardamar da ta haife shi, wadda ta raba maharban Turawa gida uku: masu cewa nauyin harsashi ke kayar da dabba, da masu cewa iya saiti ne, da masu cewa gudu ne. Ina ganin gardamar ta cancanci kulawar ɗalibin tarihi, domin a cikinta akwai ilimin ƙira, akwai siyasar mulkin mallaka, akwai kuma rayukan mutane da na dabbobi da suka salwanta kafin a kai ga amsa.

Kafin in shiga, ya kamata in fayyace kalmomi. Harsashin zamani abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, da albarushin da ke cikinsa, da 'yar hular da ke gindinsa wadda ke tayar da wuta, sai ƙwayar da ke fita ta sami dabba. Lambar da ke gaban suna, kamar .375 ko .458, faɗin ƙwayar ce a ma'aunin inci. Ita kuwa kalmar magnum Latinanci ce mai nufin babba. Da ita ake kiran ƙatuwar kwalbar giya mai cin lita ɗaya da rabi, daga nan maƙera suka aro ta suka laƙaba wa harsashin da kwansonsa ya fi na sa'o'insa cin albarushi.

Zamanin baƙin albarushi

A tsakiyar ƙarni na 19 maharbin giwa ba shi da wani zaɓi na kirki. Baƙin albarushi, wato haɗin gawayi da kibiritu da gishirin albarushi, yana da iyakar gudun da zai iya ba ƙwaya. Tun da gudu ya ƙi ƙaruwa, dabarar da ta rage ita ce a ƙara nauyi. Don haka aka riƙa ƙera bindigogin da ake auna bakinsu da yawan dunƙulen dalmar da za a fitar daga laba ɗaya. Bindiga mai lamba huɗu na nufin laba guda ta dalma dunƙule huɗu kawai take bayarwa, kowanne ya haura giram 110.

Irin wannan bindiga Frederick Selous ya riƙe lokacin da ya shiga ƙasar Matabele a 1872, yana saurayi, da iznin Sarki Lobengula. Ta baki ake ɗura ta, da hannu ake ɗibar albarushi daga jaka. Wata rana a tsakiyar bin giwa aka ɗura masa ita sau biyu ba a sani ba, da ya ja kunama sai ta ɗaga shi ta maka da ƙasa, ta tsaga masa kunci. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa shurin waɗannan bindigogi ya taɓa masa jijiya, ya rage masa iya harbi tsawon rayuwarsa. Wannan shi ne darasi na farko a tarihin, kuma shi ne wanda aka fi saurin mantawa: duk ƙarfin da ya fita ta bakin bindiga yana da ɗan'uwa da ke komowa kafaɗar mai harbi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Albarushi marar hayaƙi

Al'amari ya juya a 1884, lokacin da Bafaranshe Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi. A 1889 Ingila ta sami nata, wanda Frederick Abel da James Dewar suka haɗa, aka sa masa suna kodayit saboda zare-zare yake kamar taliya. Sabon albarushin ya ba ƙaramar ƙwaya gudun da a da ba a mafarkinsa, kuma maharbi ya daina ɓacewa cikin hayaƙin bindigarsa daidai lokacin da ya fi bukatar ganin abin da ke tunkaro shi.

A 1898 kamfanin John Rigby ya fitar da .450 Nitro Express, mai jefa ƙwaya ta giram 31 da gudun kusan mita 655 a daƙiƙa. Wannan awo ya zama mizanin da aka daɗe ana gwada kowane harsashin giwa da shi. Sai siyasa ta shigo. Wajen 1907 gwamnatin Birtaniya ta hana shigar da harsasai masu faɗin .450 cikin Indiya da Sudan, don tsoron kada ƙwayoyinsu su faɗa hannun masu tawaye su ɗura su a tsoffin bindigogin soja ƙirar Martini-Henry, waɗanda faɗin bakinsu ke nan. Maƙeran Landan ba su tsaya jayayya ba. Kowanne ya ɗan ƙara ko ya ɗan rage faɗi, aka sami .465 da .470 da .475, duk aikinsu kusan ɗaya. Har yau .470 Nitro Express ne ya fi yawa a bindigogi masu baki biyu, kuma tsoron tawayen talakawan da aka mallaka ne ya haife shi.

Bindiga mai baki biyu kayan masu hannu da shuni ce. Da hannu ake ƙera ta, a ɗauki watanni ana daidaita bututunta biyu har su riƙa jefa ƙwaya wuri guda. Manomin Bature da ke zaune a Tanganyika ko ƙaramin jami'in gandun daji ba ya iya sayenta. Abin da ya cece su shi ne bindiga mai sakata ƙirar Mauser ta 1898, wadda masana'anta ke bugawa da yawa, take kuma ɗaukar harsashi uku zuwa biyar. A 1905 Otto Bock na Barlin ya ƙirƙiro mata 9.3x62 domin Jamusawa mazauna Afirka. A wajen lokacin ne .404 Jeffery ya fito, wanda hukumomin kula da namun daji na gabashi da kudancin Afirka suka daɗe suna raba wa ma'aikatansu. A 1911 kuma Rigby ya kawo .416.

Haihuwar .375

Duk wanda ya ɗauki kwanson .375 H&H zai ga abu biyu. Na farko, dogo ne, yana sirancewa a hankali daga gindi zuwa wuya. Na biyu, akwai wata 'yar ɗamara ta tagulla a gindinsa. Kowannensu amsa ce ga wata matsala ta zamanin.

Kodayit ba ya son zafi. Harsashin da aka gwada cikin sanyin Ingila, idan ya wuni a rana a kwarin Zambezi, matsin da zai yi cikin bindiga kan ƙaru har kwanso ya manne ya ƙi fita. Maharbin da kwanso ya manne masa alhali ɓauna mai rauni ta nufo shi, sanda kawai ke hannunsa. Shi ya sa aka yi kwanson da girma domin matsin ya sauka, aka kuma sirantar da shi domin ya zare cikin sauƙi. Amma kwanso mai santsi haka ba shi da kafaɗar da za ta tsayar da shi daidai a mazauninsa. Harsasan bindiga mai baki biyu leɓe ne da su a gindi mai yin wannan aiki, sai dai leɓen kan sarƙe da juna a rumbun bindiga mai sakata. Ɗamarar ta warware duka biyun: tana tsayar da kwanso, ba ta kuma sarƙewa.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kamfanin ya fitar da shi da ƙwaya iri uku, mai giram 15 da mai 17.5 da mai 19.4. Mafi nauyin tana fita da gudun kusan mita 760 a daƙiƙa. Ma'anar wannan ita ce mutum guda da bindiga guda zai iya harbin barewa daga nesa da safe, da yamma kuma ya tsaya gaban ɓauna. Shurinta ya kai kamar ninki biyu na bindigar soja ta zamanin, wanda mafi yawan mutane kan iya sabawa da shi idan sun yi atisaye. A kowane fanni akwai harsashin da ya fi shi, amma da wuya a sami fannin da ya gaza.

Mazhabar saiti

Ana cikin wannan tsere na girma, wani mutumin Sukotilan mai suna W. D. M. Bell ya bi wata hanya dabam. Daga 1902 ya shiga ƙasar Karamoja a arewa maso gabashin Yuganda, har sunan wurin ya bi shi. A tsawon sana'arsa ya kashe giwa 1,011, kusan 800 daga ciki da ƙaramar bindiga .275 Rigby, wadda ƙwayarta giram 11 ce kawai, wato kashi ɗaya cikin goma na dunƙulen da Selous ya riƙa harbawa.

Sirrinsa ilimin jikin dabba ne. Ya sa an tsaga masa ƙoƙon kan giwa da zarto, ya ga mafi yawansa ƙashi ne mai ramuka kamar saƙar zuma, ƙwaƙwalwa kuma tana can ciki, girmanta bai fi na burodi guda ba. Ya koyi inda take ta kowace fuska dabba ta tsaya. Ya zaɓi doguwar ƙwaya mai rigar ƙarfe wadda ba ta fashewa ba ta lanƙwashewa, domin ta ratsa ƙashi ta tafi miƙe. A littafinsa na 1923, The Wanderings of an Elephant Hunter, ya nuna cewa ƙwayar da ta sami ƙwaƙwalwa ta gama aiki komai ƙanƙantarta, wadda ta kuskure kuwa girmanta ba zai amfane ta ba.

Hujjar Bell gaskiya ce, amma tana da sharaɗi. Ya yi farauta a lokacin da giwaye ba su san bindiga sosai ba, a fili, kuma yana harbi kusan kullum na shekaru. John Taylor, mutumin Ayalan da aka fi sani da Pondoro, wanda ya yi shekaru a kwarin Zambezi, ya yi masa raddi a aikace cikin littafinsa na 1948, African Rifles and Cartridges. Tambayarsa ita ce me zai faru idan ƙwaya ta kuskure ƙwaƙwalwa da 'yan yatsu, a cikin kurmi, dabba na tahowa. Babbar ƙwaya kan gigita giwa ta durƙusar da ita har a sami damar harbi na biyu. Ƙarama sai ta wuce kamar ba a yi ba. Taylor ya yi lissafin da ke ninka nauyi da gudu da faɗin ƙwaya don auna wannan ƙarfin gigitarwa. Duk da kasancewarsa mai son manyan bindigogi, ya yaba wa .375 yabon da bai yi wa wani harsashi mai matsakaicin faɗi ba.

Amurka da mazhabar gudu

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwa ta ƙaura daga Landan zuwa Amurka. Tun kafin yaƙin an share fage: a 1935 Ben Comfort ya ci gasar harbin yadi dubu da .300 H&H, sai kamfanin Winchester ya sa shi tare da .375 a bindigarsa Model 70. Amurkawa suna da nasu bukatun. Namun dajinsu, irin su manyan barewar duwatsu da tumakin dawa, daga nesa ake harbinsu, wani lokaci daga wannan dutse zuwa wancan. Ƙwaya mai gudu ba ta saurin sunkuyawa ƙasa, iska kuma ba ta kaɗa ta da yawa.

Roy Weatherby, wanda ya buɗe shagonsa a Kaliforniya a 1945, ya mai da wannan aƙida. Ya ɗauki kwanson H&H ya buɗa shi ya miƙar da bangonsa domin ya ci ƙarin albarushi, har .300 Weatherby ya riƙa jefa ƙwaya ta kusan giram 12 da gudun da ya haura mita 950 a daƙiƙa. Lissafi yana bayansa ta wata fuska, domin idan nauyi ya ninka, ƙarfin ƙwaya ninki biyu yake yi, idan kuwa gudu ya ninka, ninki huɗu. Ya yi imanin cewa girgizar da irin wannan gudu ke yi a jikin dabba ta isa ta kashe ta nan take. Manyan kamfanoni suka bi sahu: .338 Winchester Magnum a 1958, 7mm Remington Magnum a 1962, .300 Winchester Magnum a 1963. Dukkansu sun gaji ɗamarar 1912 duk da cewa kafaɗunsu sun isa su tsayar da su. Ɗamarar ta koma tambarin talla, mai saye na ganinta ya san magnum ne.

Gudu ya zo da nasa cikas. Ƙwayar da aka ƙera don matsakaicin gudu, idan ta daki ƙashi da gudun magnum, sai ta tarwatse a fata ta bar mummunan rauni marar zurfi. A 1946 wani Ba'amurke mai suna John Nosler ya harbi wata ƙatuwar dabba da ake kira mus a yammacin Kanada da .300 H&H. Jikinta ya sha laka ta bushe, ƙwayoyin suka riƙa fashewa ba su shiga ba. Ya koma gida ya ƙera ƙwaya mai katangar tagulla a tsakiya, gabanta ya buɗe kamar lema, bayanta ya zauna cur ya ci gaba da kutsawa. A 1948 ya fara sayar da ita. A ganina wannan ƙirƙira ta fi yawancin sababbin kwansunan zamanin amfani, domin ta tuna wa kowa cewa ƙwaya kaɗai ke isa jikin dabba, sauran kayan duk a hannun maharbi suke tsayawa.

Labarin .458 Winchester Magnum na 1956 ya ƙara haske. An yi shi ne don ya maimaita aikin .450 Nitro a bindiga mai araha, ya kuma zo daidai lokacin da kamfanin Kynoch na Ingila ke janye hannu daga yin tsoffin harsasan Nitro, don haka ya mamaye Afirka. Amma kwansonsa gajere ne, sai an danna albarushin da ƙarfi kafin ya shiga. A zafin Afirka albarushin da aka danne kan dunƙule, wani harsashin ya fita da raunin gudu. A 1959 ɓauna ta raunata wani maharbi mai suna Jack Lott a Mozambik yana riƙe da wannan bindiga. Bayan ya warke ya tsawaita kwanson, a 1971 aka sami .458 Lott. Wato bayan kusan shekara sittin an sake gano abin da maƙeran 1912 suka sani, cewa harsashin ƙasar zafi yana bukatar sarari.

Waɗanda ba a ba su zaɓi ba

Duk wannan gardama Turawa ne suka yi ta a tsakaninsu, a kan ƙasar da ba tasu ba. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta taƙaita shigar da bindigogin zamani a yankin Afirka da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu, kuma ƙasar Hausa baki ɗayanta tana ciki. Abin da aka bar wa ɗan ƙasa shi ne adaka da baƙin albarushi. Maharbanmu kuwa sun daɗe da tasu amsar. Suna da kibiya mai dafin kwankwani, suna da sango, mashi mai dafi da ake ɗura wa bindiga a harbi giwa da shi, sannan a bi sawunta har ta faɗi. Fataken Hausawa sun yi suna a cinikin haure daga Adamawa a ƙarni na 19. Da dokokin farauta na mulkin mallaka suka kafu, sai dabarun gargajiya suka zama laifi, baƙo mai lasisi da bindigar Landan kuma ya zama ɗan wasa mai daraja.

Akwai kuma mutanen da littattafan ba su cika ambata ba, wato masu bin sawu da masu ɗaukar bindiga. Idan baƙo ya zo da bindigar da ta fi ƙarfinsa, ya runtse ido lokacin jan kunama, ya sami ɓauna a ciki maimakon a kafaɗa, mai bin sawu ne ke shiga gaba cikin doguwar ciyawa, idonsa a ƙasa yana neman jini, hannunsa wayam. Kuskuren zaɓen da aka yi a wani shago a Turai ko Amurka, shi ne yake fara biyan kuɗinsa.

Dabbobin ma sun biya. Hauren da Bell da ire-irensa suka tara ya tafi ne ya zama madannan piyano da ƙotar wuƙa da ƙwallon biliyad. Kenya ta haramta farautar manyan namun daji a 1977, a 1989 kuma yarjejeniyar CITES ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe. Ƙasashe irin su Tanzaniya da Namibiya da Zimbabuwe da Kamaru sun ci gaba da farauta mai lasisi da ƙayyadadden adadi, suna kafa hujja da cewa kuɗinta na riƙe dazuzzukan da da an nome su. Ana nan ana jayayya a kan wannan. Abin lura shi ne da yawa daga ƙasashen da suka ci gaba sun sa .375, ko abin da ya yi kusa da shi, a matsayin mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a tunkari giwa ko ɓauna da shi. Abin da Bell ya yi da .275 laifi ne a yau.

Kammalawa

Da na jera waɗannan labarai na ga kowace mazhaba ta kama wani yanki na gaskiya ta ɗauke shi duka. Selous ya nuna nauyi yana da iyakar da kafaɗar ɗan Adam ta sa masa. Bell ya nuna ba abin da ke maye gurbin sanin inda za a harba. Taylor ya nuna dole a bar wa kuskure gurbi. Weatherby ya ba maharbin nesa abin da yake bukata, Nosler da Lott kuma suka gyara ɓarnar da gaggawa ta jawo.

Saboda haka mai zaɓen harsashin magnum a yau tambayoyin da ke gabansa tsofaffi ne. Wace dabba zai nema, kuma daga wane nisa? Tunkiyar dutse daga mita 300 tana kiran .300 ko 7mm, ɓauna daga mita 40 tana kiran .375 ko .416. Wace irin ƙwaya zai ɗura, mai buɗewa a hankali ko mai ratsa ƙashi? Idan jakarsa ta ɓata a hanya, zai sami irin harsashinsa a garin da ya sauka? Me dokar ƙasar ta ce? Sannan tambayar da mutane suka fi yi wa kansu ƙarya a kanta: zai iya harba bindigar nan sau ashirin a jere yana samun abin da ya saita? Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, kuma yawancin masu yabon .460 Weatherby, wanda shurinsa ya ninka na .375 fiye da sau biyu, ba su taɓa tsayawa gaban ɓauna da shi ba.

Wannan ne ya sa nake ganin .375 H&H ya daɗe. An ƙera shi ne da la'akari da zafin rana, da kwanson da zai iya mannewa, da mutum mai tsoro da gajiya wanda hannunsa zai iya rawa. Wanda ya ɗauki makami don ɗaukar ran dabba, haƙƙin da ke kansa shi ne ya gama da ita da harbi ɗaya ba tare da azabtarwa ba, ya kuma mai da waɗanda suka raka shi gida lafiya. Harsashin da ya dace shi ne wanda zai ba shi damar sauke wannan haƙƙi.